Suma: Abin da ke Kawo shi da Hanyoyin Tsare Kai

Yau shafinmu na lafiya da noma zai yi magana bisa wani abu da kowa ya taɓa gani da idonsa, wato suma.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, a wani ƙauye na jihar Maraɗi, mun ga wata mace mai ciki tana tsaye bakin famfo, tana jiran layi ya zo kanta. Tun safe take tsaye, rana kuwa ta take. Can sai ta dafe kai, ta ce idonta na ganin duhu. Kafin a ankara ta zube ƙasa. Nan da nan mutane suka yi mata zobe. Wata ta ce iska ce ta buge ta. Wani ya kawo tsumma zai ƙona ya kanga mata a hanci. Wata kuma ta ɗaga kanta tana son ɗura mata ruwa a baki. Allah ya sa ungozomar garin tana kusa. Ta ce: "Don Allah ku ja da baya, ku bar ta ta sha iska." Ta sa aka kai ta inuwa, ta kwantar da ita bisa gefen hagu, ta sassauta mata ɗaurin zane. Ba a yi minti 2 ba matar ta buɗe ido. Washegari mijinta ya kai ta gidan likita, aka auna, aka tarar jininta ya yi ƙaranci ƙwarai.

Da an ɗura mata ruwan nan tana sume, da ya iya sarƙe ta ya bi hanyar numfashi. Da kuma an tsaya a kan maganar iska, da ba a gano ƙarancin jinin ba sai ranar haihuwa, lokacin da zubar jini kaɗan ke iya zama ajali.

Mene ne suma?

Suma shi ne mutum ya fita hayyacinsa farat ɗaya, ya faɗi, sa'an nan ya farfaɗo da kansa bayan ɗan lokaci. Yawanci ba ya wuce minti 1 ko 2. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 3 yakan suma ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa.

A jikin babban mutum akwai jini kamar lita 5. Zuciya ita ce famfon da ke tura shi ko'ina. Ƙwaƙwalwa tana can sama, ita ce ta fi wuyar kaiwa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Jini ne ke kawo mata iska da sukari a kowane lokaci. In jinin ya yanke mata na sakan 6 zuwa 8 kawai, sai mutum ya faɗi.

Masu noman rani za su gane wannan da sauri. In ruwa ya ja baya cikin rijiya, ko injin ya yi sanyi, fangalin da ke kan tudu shi ne ke fara rasa ruwa. Haka kai yake a jikin mutum. In mutum ya faɗi ya kwanta, kai da zuciya sun daidaita, jini ya koma, sai ya farfaɗo. Shi ya sa kuskure ne babba a tayar da wanda ya suma zaune, ko a riƙe shi tsaye.

Alamun da ke zuwa kafin suma

Sau da yawa jiki yakan ba da labari kafin a faɗi. Mutum zai ji jiri. Idonsa ya yi duhu, ko ya ga abubuwa dishi-dishi. Kunnensa ya yi ƙara, maganar mutane ta yi masa nisa. Zufa mai sanyi ta karyo masa, zuciyarsa ta tashi, gwiwoyinsa su yi sanyi, wani lokaci ya yi ta hamma. Wanda ya ji haka kada ya ce zai daure. Ya kwanta nan take, ko ya zauna ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Jin kunyar zama ƙasa gaban mutane bai kai faɗuwa cikin wuta ko bakin rijiya ba.

Abubuwan da ke kawo suma

1. Zafin rana da ƙishirwa. A Yamai, da Tawa, da Damagaram, da Maraɗi, zafin watannin Afirilu da Mayu yakan wuce digiri 40, wasu ranaku har ya kai 45. A farkon Afirilu na 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma mutane da yawa sun rasu a yankin Sahel, galibinsu tsofaffi. Wannan lokaci ne na sharar gona da kai taki. Mai aikin ƙarfi cikin irin wannan rana yana iya zubar da zufa lita 1 cikin awa 1, ko fiye. In bai mayar da ruwan ba, jininsa zai ragu. Ga shi kuma zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, jinin ya bazu can ya bar kai.

2. Doguwar tsayuwa wuri ɗaya. In mutum ya tsaya bai motsa ba, jini yakan taru a ƙafafu. Shi ya sa ake yawan faɗuwa a layin famfo, a wurin rabon cimaka, a taron jana'iza, da wurin ɗaga tuta a makaranta.

3. Tashi da gaggawa. Wanda ya daɗe kwance ko tsugune, ya miƙe zumbur, jini bai samu lokacin hawa kai ba. Wannan ya fi samun tsofaffi, da wanda ya tashi daga jinya, da mai tashi fitsari cikin dare.

4. Yunwa. Fita gona ba a karya kumallo ba yana rage ƙarfin jiki, balle a tsakiyar damana, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aiki kuma ya yi yawa. Haka yaron da ya tafi makaranta da cikinsa wayam. Mai ciwon sukari da ya sha magani ko ya yi allura bai ci abinci ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa har ya fita hayyacinsa. Wannan kam haɗari ne babba.

5. Ƙarancin jini. Wannan shi ne ɓarawon da ke shiga ba a ji motsinsa ba. Masassarar cizon sauro tana farfasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki tana tsotsarsa. Fitsarin jini, da yara ke ɗauka wajen wanka cikin tabki, yana zubar da shi kaɗan-kaɗan. Haihuwa kusa da kusa, da yawan jinin al'ada, da amosanin jini, da abincin da ba shi da sinadarin ƙarfe, duk suna rage shi. Alamarsa ita ce tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, mutum ya riƙa haki da ɗan aiki kaɗan.

6. Zawo da amai. Suna kwashe ruwa da gishirin jiki cikin awoyi kaɗan. Yara ƙanana da tsofaffi su ne suka fi saurin galabaita.

7. Ciki. Hanyoyin jinin mai ciki sukan saki, ga shi jininta na ciyar da rai 2. In cikin ya tsufa ta kwanta rigingine, nauyinsa yakan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai ta ji jiri.

8. Tsoro, zafin ciwo da mummunan labari. Ganin jini, ko allura, ko jin rasuwar wani, na iya sa zuciya ta rage gudu na ɗan lokaci, hanyoyin jini su buɗe. Wannan ne suman da ya fi yawa ga samari da ƴan mata. Ba ragwanci ba ne, ƙarfafan maza ma yana kayar da su. Yunƙuri mai ƙarfi a bayan gida da tari mai tsanani su ma suna iya yin haka.

9. Magunguna. Maganin hawan jini da maganin da ke sa yawan fitsari suna iya sa jiri, musamman cikin zafi. Wanda ya ga haka ya koma wurin likita a gyara masa, kada ya daina sha da kansa. Ƙwayoyin da ake saye a tire cikin kasuwa don ƙarin ƙarfin aiki, irin su taramol, suna sa jiri, suna kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, suna kuma iya tsayar da numfashi.

10. Ciwon zuciya. In zuciya tana bugawa da sauri fiye da kima, ko a hankali ƙwarai, ko ƙofofinta sun ƙuntata, jini ba ya isa kai. Irin wannan suman yakan zo ba tare da wata alama ba. Shi ne ya fi kowane haɗari.

Haɗarin da ke cikin gona da gida

Akwai wasu abubuwa 3 da ke fitar da mutum hayyacinsa ta hanyar guba ko rashin iska mai kyau. Manoma su kula da su sosai.

Na farko maganin ƙwari. Masu noman albasa, da tumatir, da kabeji, da wake, suna yawan feshi. Gubar tana shiga ta fata, ta hanci, da ta baki. Alamunta su ne ciwon kai, dalalar miyau, zufa, amai, murɗar ciki, da ƙanƙancewar baƙin ido. A yi feshi da sanyin safiya ko da marece, a juya wa iska baya, a sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, a rufe hanci da baki. Kada a ci, kada a sha, kada a tauna goro ana feshi. In an gama a yi wanka da sabulu. Kwalbar magani ba ta zama gorar ruwa ko ta mai, komai wankin da aka yi mata. Ƙwayar da ake sawa cikin buhun wake tana fitar da iska mai kisa, don haka kada a ajiye buhun a ɗakin kwana. Buhun PICS mai riɓi 3 yana tsare wake ba tare da magani ba. In guba ta kama mutum, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa, a kai shi gidan likita tare da kwalbar maganin. Kada a sa shi amai da ƙarfi, kada a ɗura masa madara ko mai.

Na biyu rijiya. Ƙasan rijiya mai zurfi wani lokaci ba shi da iskar numfashi. Kafin mai yasa ya sauka, a zura fitila mai wuta da igiya. In ta mutu, kada kowa ya shiga. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, mutane 2 ko 3 suna riƙe da ita a sama. Kada a taɓa tayar da injin ban ruwa cikin rijiya ko daf da bakinta, domin hayaƙinsa guba ne, kuma fitila ba ta nuna shi. In wani ya suma a ciki, kada ɗan uwansa ya faɗa bayansa ba igiya. Ta haka ne gida ɗaya ke rasa mutum 2 ko 3 rana ɗaya.

Na uku garwashi cikin ɗaki. Lokacin ɗari mutane sukan shiga da kaskon wuta ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska wadda ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana hana jini ɗaukar iskar numfashi. Ciwon kai ya fara, barci ya biyo, wani ba ya sake tashi. A fitar da kasko waje kafin a kwanta. Injin wutar lantarki shi ma waje ne wurinsa.

Abin da za a yi in mutum ya suma

1. A kwantar da shi rigingine cikin inuwa. Mai ciki kuwa bisa gefenta na hagu.
2. A duba ko yana numfashi: ƙirji na hawa yana sauka?
3. A ɗaga ƙafafunsa kamar santimita 30, a ɗora su bisa buhu ko ƴar kujera.
4. A sassauta rawani, da wuyan riga, da ɗaurin wando ko zane.
5. Mutane su ja da baya. A yi masa fifita, a shafa masa ruwa a fuska da wuya.
6. In ya yi amai, ko minti 1 ya wuce bai farfaɗo ba, a juya shi bisa gefe don kada ya shaƙe, a nemi abin hawa zuwa gidan likita.
7. In ya farfaɗo ya ƙara kwanciya minti 10 zuwa 15, sa'an nan ya zauna. Sai ya iya magana daidai za a ba shi ruwa, ko fura, ko kunu mai sukari.
8. In ba ya numfashi sam, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 cikin minti 1, wani kuma ya ruga neman likita.

Abin da ba za a yi ba

Kada a ɗura wa wanda bai farfaɗo ba ruwa, ko rubutu, ko jiƙo. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Kada a yi masa hayaƙin barkono ko na tsumma, domin mai neman iska ba a ƙara masa hayaƙi. Kada a mare shi, kada a girgiza shi. Addu'a abu ne mai kyau, a yi ta, amma a yi ta ana kan hanyar gidan likita.

Ba kowace faɗuwa ce suma ba

Mai farfaɗiya yakan sanƙare, ya yi ta jijjiga na tsawon minti 1 ko fiye, ya ciji gefen harshensa, in ya farfaɗo kuma ya daɗe a ruɗe. A kawar da wuta da duwatsu daga kusa da shi, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, kada a danne shi. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa mai ita, kuma akwai maganin da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu sha kullum.

Bugun rana kuwa ya fi suma tsanani. Jikin mutum ya yi zafi kamar garwashi, ya wuce digiri 40, ya riƙa sambatu ko ya ƙi farfaɗowa. A kai shi inuwa, a tuɓe masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi a jiki ana fifita, a ci gaba da haka har a isa gidan likita.

Lokacin da tilas a tafi gidan likita ba jinkiri

- Mutum ya suma yana tsakiyar aikin ƙarfi, ko yana kwance, ko ba tare da wata alama ba.
- Yana jin ciwon ƙirji, ko bugun zuciya, ko numfashinsa na yankewa.
- Bakinsa ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe.
- Mace mai ciki ce, ko mai jego, balle in da zubar jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko kumburin fuska da ciwon kai.
- Yaro ne mai masassara, ko mai jijjiga, ko mai sanƙarar wuya.
- Ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin.
- Ya bugu a kai wajen faɗuwa.
- Tsoho ne, ko mai ciwon sukari, ko suman ya maimaita.
- A danginsa akwai wanda ya taɓa mutuwar farat ɗaya da ƙuruciyarsa.

Ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ya suma karo na farko ya kamata ya je a auna masa jini, a saurari zuciyarsa.

Rigakafi ya fi magani

A sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo. Mai aiki cikin rana ya sha moɗa 1 kowane minti 20. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan ne, jiki na neman ruwa.

A sammaka gona, a huta cikin inuwa daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 4, a koma da marece. A sa malfa da tufafi masu haske marasa matsi. Itacen gawo da aka bari cikin gona yana ba ƙasa taki, itatuwan da aka raina daga kututture kuma suna ba manomi inuwa.

Kada a fita da cikin wofi. Ko fura ce, ko ɗumamen tuwo, a sa wani abu a ciki, a ba yara su ma kafin su tafi makaranta.

Cikin azumi, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur, kada a bar sahur, a mayar da aikin ƙarfi da sassafe. Malamai sun bayyana cewa addini ya yi rangwame ga maras lafiya, da mai ciki ko mai shayarwa da ke jin tsoron cutuwa. Mai ciwon sukari ya shawarci likita tun watan bai kama ba.

A tashi a hankali: daga kwance a zauna bakin gado, a motsa ƙafafu, sa'an nan a miƙe. In tsayuwa ta zama dole, a riƙa ɗaga dugadugai, a harɗe ƙafafu a matse cinyoyi, a dunƙule hannu da ƙarfi. Wannan yana kora jini sama. A wurin layi kuma a ba masu ciki da tsofaffi gaba.

A ƙara jini da abin da ke kusa da mu: wake, ganyen zogala, yakuwa, rama, alayyafo, miyar kuka, hanta, nama da kifi. Lemun tsami, tumatir, gwaba da garin ƴaƴan kuka suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana hana shi, don haka a bar awa 1 tsakanin cin abinci da shan shayi.

A kwana cikin gidan sauro. A karɓi maganin rigakafin masassara da ake rarraba wa yara ƙanana cikin damana, da maganin tsutsar ciki. Mai ciki ta je awo tun cikin yana ƙarami, ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum. Baƙin bayan gida da wannan ƙwaya ke sawa ba ciwo ba ne. Maigida, raka iyalinka awo aikinka ne, haka kuma rage mata daka da ɗibar ruwa cikin rana.

In zawo ya kama, a jiƙa ƙunshin gishiri da sukari na gidan likita cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. In babu shi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Matar nan da muka ba ku labarinta ta sha ƙwayar ƙarin jini har watanni 3, ta kuma sauka lafiya a gidan likita. Abin da ungozoma ta yi mata bakin famfo ba shi da wuya, ba a kashe ko dala ba. Kowane mai karanta wannan jarida zai iya yinsa. Muna roƙon ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, a gida, a fada, da wurin taron mata.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Don me ba a tayar da wanda ya suma zaune?
2. Faɗi alamu 3 da ke zuwa kafin suma.
3. Me ake yi a garinku in mutum ya faɗi? Wanne ne mai amfani, wanne ne mai cutarwa?
4. In ana bukatar kai maras lafiya gidan likita da dare, amalanken wa ko babur ɗin wa za a nema? Kun shirya wannan tun yanzu?

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka. Amin.